Daga Fagge zuwa Music Box: kallon Kirsimeti a wani tsohon gidan sinima a Shikago

An yi wa ƙanena da ke aikin jinya a Shikago haihuwa ta biyu, ban samu zuwa suna ba, domin biza ba ta fito ba sai da jaririya ta fara zama. Hutun da na samu a wajen aiki kuma ya faɗo cikin Disamba. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in haƙura sai lokacin zafinsu, wai sanyin garin ba na ɗan Kano ba ne. Hajiya ce ta raba gardama. Ta ce zumunci a ƙafa yake, in tashi in gano mata jikokinta.

Tikitin da ke tashi daga Abuja ya fi na Kano rahusa sosai, don haka na bi ta ƙasa. Bayan sallar Asuba na shiga mota a tashar Unguwa Uku, muka bi ta Kwanar Ɗangora, Zariya, Jaji, har Kawo. Shingayen 'yan sanda da na sojoji suna nan yadda aka san su, direba ya rage gudu, a leƙo, a ɗaga hannu. A guda ɗaya ne aka sa muka buɗe but. Jami'in ya ga manyan akwatuna biyu, ya tambayi mai su da inda za shi. Da na ce Amurka sai ya mayar da murfin da kansa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Daga Kawo na hau keke zuwa Rigasa na shiga jirgin ƙasa. Tun harin 28 ga Maris 2022 ba a sayar maka da tikiti sai da lambar NIN, kuma na lura da muka doshi wajen Rijana da Katari hira ta mutu a taragonmu, kowa ya koma jan carbi ko kallon taga. Mun sauka Idu lafiya.

Rabin kayana na Hajiya ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunun gyaɗa, turaren wuta na mai jego, da turmin atamfa. Kilishi kaɗai aka cire, domin ƙanena ya yi waya ya ja kunne cewa nama kowane iri ba ya shiga Amurka. Daga Abuja zuwa Santambul barci na yi, daga Santambul zuwa Shikago kuwa zaman kusan awa 11 ne, babu abin faɗa a cikinsa sai kumburin ƙafa.

A filin jirgin O'Hare layin baƙi ya yi tsawo. Jami'in shige da fice ya tambaye ni wajen wa na zo, me yake yi, yaushe zan koma, wane aiki na bari a gida. Ya ɗauki hotona da zanen yatsuna, ya miƙo fasfo. A wajen ɗaukar kaya wata jami'a tana yawo da ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, yana bin akwatuna yana sunsuna. Ya zo kan nawa ya zauna. Da ma na riga na shaida musu ina ɗauke da abinci, sai aka tura ni wani teburi. Mutumin da ke wurin ya sa safar hannu ya dinga buɗe ƙullin Hajiya ɗaya bayan ɗaya. Ya murza kuka a yatsa. Da ya kwance daddawa sai ya ɗan ja da baya, ya tambaya mene ne, na ce 'ya'yan itace ne da aka dafa aka bari suka ruɓa, da su muke miya. Ya juya ta, ya tabbatar babu nama babu ƙwaro, ya ɗaure ya mayar. A teburin da ke kusa da ni wata baiwar Allah daga jirginmu tana ta roƙo a bar mata busasshen nama, ba a bari ba, a gabanta aka jefa shi cikin wani babban kwando.

Ƙanena yana bakin aiki, sai ya turo abokinsa, wani ɗan Maraɗi mai tuƙin tasi, da wata ƙatuwar rigar sanyi a hannu. Kafin mu gaisa sosai ya ce, "Malam, saka wannan tukuna, gaisuwa a mota." Da ƙofar gilashi ta buɗe na gane abin da yake nufi. Ba sanyin hunturu ba ne mai busar da leɓe. Wannan kamawa yake yi, kunne da hanci da haƙora a lokaci guda, iska kuma daga tafkin Michigan take tasowa ta biyo tituna. A mota ya ba ni labarin shekarun da ya yi a garin, yadda ya fara da wanke-wanke a gidan abinci, da yadda 'yan Nijar da 'yan Arewa da Hausawan Gana ke haɗuwa wajen suna da ta'aziyya. Ya ƙi karɓar ko kwabo.

Gidan ƙanena yana unguwar Rogers Park, can ƙarshen arewacin birnin, a hawa na uku na wani tsohon bene na jan bulo. Ɗaki biyu da falo, ni a falo na sauka, kan kujerar da ake warewa ta zama gado. Kuɗin hayar wata guda da ya faɗa mini zai biya hayar shekara a Fagge har a samu canji. A jikin bango akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da tururi ke bi ta cikinsa yana ɗumama ɗaki, cikin dare ya riƙa ƙwanƙwasa shi kaɗai. Abin da ya fi rikita ni shi ne lokutan salla. Azahar tana shiga kafin 12 na rana, La'asar wajen ƙarfe 2, rana ta faɗi kafin 4:30, Isha'i kuma kafin ƙarfe 6 ta yi. Ka idar da sallolin yini gaba ɗaya, ka duba agogo ka ga a Kano a irin wannan lokacin ne ma ake shirin Magariba, ga dare shimfiɗe a gabanka.

Abinci bai ba ni wahala ba. Matar ƙanena ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo tun daren farko, ta ce, "Yaya, ƙamshin daddawar nan har ƙasan bene." Nama kuma a titin Devon suke saye, inda mahauta 'yan Pakistan da Indiya ke yankan halal. Titin nan abin kallo ne: wani sashe an laƙaba masa sunan Gandhi, wani sunan Muhammad Ali Jinnah, shagunan sari da na gwal da na littattafan addini jere da juna. Farantin shinkafar biryani da naman akuya bai kai dala 20 ba, kuma mutum biyu suna ƙoshi.

Maganar sinima ƙanena ne ya tsara ta tun kafin in taso. Ya san ni. Yana yaro yana ganin yadda nake tara kuɗin barka da Salla in sulale zuwa sinimar Plaza, ya kuma sha rufa mini asiri a wajen Baba. Ya ce, "Yaya, akwai wani tsohon gidan kallo a nan da nake so ka gani, amma sai a wannan watan ake ganinsa da kyau." Ya sayi tikiti ta intanet makonni kafin ranar, domin na kusa da Kirsimeti ƙarewa suke yi. Na fim ɗaya dala goma sha wani abu ne, na finafinai biyun da ake nunawa a haɗe ya ɗan haura dala 20.

Muka yi Isha'i muka fita, ni da shi da babbar 'yarsa. Jirgin ƙasan cikin gari dala 2.50 ne duk inda za ka, in ban da wanda ya taso daga filin jirgi, shi dala 5. Muka hau jan layi, wanda ke tafiya a kan gadar ƙarfe daidai tagogin mutane, muka wuce filin wasa na Wrigley, muka sauya a Belmont zuwa layin ruwan ƙasa, tasha ɗaya muka sauka a Southport. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta minti goma zuwa arewa, tsakanin shaguna masu fitilu kala-kala. Tun daga nesa ake hango sunan gidan, Music Box, rubuce daga sama zuwa ƙasa da jar wuta.

Layi ya miƙe a bakin titi har ya sha kwana, cikin wannan sanyin. Na tsaya ina kallon mutanen da ke cikinsa. Tsofaffi masu sanda, ma'aurata, samari da 'yan mata, uwa da goyo a ƙirji, iyali guda tun daga kaka har jika sun sa rigunan saƙa iri ɗaya masu hoton barewa. Da yawa sun sa jar hula mai farin baki. Kusan kowa yana riƙe da 'yan ƙananan ƙararrawa ɗaure a zare ko a hannu, duk motsin da layi ya yi sai ka ji kacau-kacau. Babu turereniya, babu mai gadi da bulala.

Ciki kuwa sai da na tsaya cak. Zaure ne mai kujeru sama da 700, bangayensa an yi musu ado da ginshiƙai da bakuna da 'yan barandoji, yadda za ka ɗauka tsakar gidan wani attajiri ne a Italiya. Rufin shuɗi ne mai duhu, an dasa masa ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, ga inuwar gajimare tana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Sun kashe kuɗi ne don mai kallo ya ji a fili yake zaune ƙarƙashin taurari. Mu a gidajen sinimar Plaza da Orion na Kano taurarin gaske ne a kanmu, domin babu rufi sai ɗan abin da ya rufe kujerun masu tsada, in hadari ya taso kuwa kallo ya tashi.

An buɗe gidan ne ranar 22 ga Agusta 1929, wata biyu kafin kasuwar hannun jarin Amurka ta rushe, a daidai lokacin da fim mai magana ke korar na bebaye. Manyan gidajen sinimar Shikago na zamanin suna cin mutum dubbai, wannan ƙarami ne na unguwa, wataƙila shi ya sa bai yi nauyin da zai kashe shi ba. Ya sha wuya duk da haka. Daga 1977 zuwa 1983 ya zama na wanda ya samu, wani lokaci finafinan Sifaniyanci, wani lokaci na batsa, daga baya har na Larabci an nuna a cikinsa. A 1983 wasu mutum uku suka karɓe shi suka gyara, suka mayar da shi wurin nuna tsofaffin finafinai da na ƙasashen waje da na ƙananan masu shiryawa, waɗanda manyan gidajen kallo na cikin kantuna ba sa ɗauka. Taron Kirsimetin nan na waƙa da kallon fim ma tun wajen wannan lokacin aka fara shi, shekara 40 ke nan ko fiye. Ma'aikatan gidan suna ba da labarin wani manaja da ya yi aiki a wurin tun daga ranar buɗewa har 1977, ya zo rufe gida wani dare ya kishingiɗa a kan kujerar zauren shiga, rai ya yi halinsa.

Muka sayi gugguru mai man shanu muka zauna. Kusa da 'yar ƙanena wata tsohuwar Baturiya ce da jikokinta. Ta ga yarinya ba ta da ƙararrawa, ta kwance ɗaya daga nata ta ɗaura mata a hannu. Ta tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ta ce wadda ta yi jinyar mijinta a ciwon ajalinsa 'yar Najeriya ce, ba za ta manta da ita ba. Ta ce tun 'ya'yanta suna ƙanana take kawo su nan duk Disamba, yanzu su ke kawo ta.

Kafin fim akwai waƙa. A gefen hagu na allo akwai wani babban abin kiɗa da ake kira ogan, irin na coci, mai hawa-hawan madannai. Makaɗin gidan, Dennis Scott, wanda ya shafe shekaru masu yawa a kan wannan kujerar, ya zauna ya fara. Sai ga Fada Kirsimeti ya fito da jar riga da farin gemu yana ɗaga hannu, zaure ya ɗauki tafi. Aka riƙa haska baitocin waƙa a allo, mutum ɗari bakwai suna rerawa tare, ƙararrawa na tashi. Waƙoƙin iri biyu ne. Wasu na wasa ne, zancen dusar ƙanƙara da doki da kyaututtuka. Wasu kuwa na ibadarsu ne kai tsaye. Ƙanena ya riga ya gaya wa 'yarsa tun a jirgi cewa mu kallo muka zo, ba biki ba, don haka da aka shiga waɗannan muka yi shiru mu uku. Babu wanda ya waiwayo ya dube mu. Tsohuwar nan ma da ta lura, murmushi kawai ta yi ta ci gaba da waƙarta. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin da fargabar hakan na shigo a raina.

Fim ɗin daren shi ne It's a Wonderful Life, na 1946, baƙi da fari, wanda Frank Capra ya ba da umarni, James Stewart ya fito a jarumi. Labarin wani mutum ne, George Bailey, a wani ƙaramin gari. Tun yana yaro burinsa ya fita ya ga duniya, amma kullum sai wani nauyi ya danne shi: mahaifinsa ya rasu ya bar masa ɗan kamfanin da ke ba talakawa bashin gina gida, ƙaninsa ya tafi karatu da kuɗin da shi ya tara, ranar aurensa mutane suka yi cincirindo za su kwashe ajiyarsu, ya fito da dala 2,000 na tafiyar amarci ya raba musu don kada kamfanin ya rufe. A gefe guda ga Potter, attajirin garin, mai banki da gidajen haya, wanda ke so kowa ya dawo ƙarƙashinsa. Ranar jajiberin Kirsimeti baffan George ya ɓatar da dala 8,000 na kamfani, kuɗin suka faɗa hannun Potter ya ɓoye. George ya ga gidan yari a gabansa, ya je kan gada zai faɗa ruwa. Sai aka turo masa mala'ika a siffar wani tsoho, ya nuna masa yadda garin zai kasance da ba a haife shi ba.

Wannan sashen na mala'ika ba abin da Musulmi zai ɗauka ba ne, kuma ban ɗauka ba. Amma sauran labarin na san shi tun kafin in gan shi. Babban ɗa da ya zauna a gida don ƙanne su yi karatu su fita, wane gida ne a Kano babu irinsa? Ina zaune kusa da ƙanena a birnin da ni ban taɓa tunanin zan taka ba, na ji ya ɗora hannu a kan gwiwata daidai inda ƙanin George ya dawo daga makaranta da mata da aikin yi a wani gari. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Yadda mutanen ke kallon shi ne abin da ya fi kama ni. Sun haddace fim ɗin. Duk sanda fuskar Potter ta bayyana sai zaure ya ɗauki "sssss" daga ko'ina, har da tsofaffi. Duk sanda aka buga ƙararrawa a cikin fim, ko aka ambaci mala'ikan nan, sai ɗaruruwan ƙararrawa su amsa daga kujeru. Akwai wuraren da suke riga 'yan wasa faɗin magana. Akwai kuma wuraren da kowa ke yin tsit ba tare da an ce a yi ba. A ƙarshe, da mutanen gari suka riƙa shigowa falon George ɗaya bayan ɗaya suna zube abin da suke da shi a kan teburi, mai shagon magani, mai mashaya, mai tasi, 'yar aikin gidansu, har gudunmawar ta fi ƙarfin bashin, na ji ana jan hanci ta kowane gefe. Wani ƙato a gabana ya cire tabarau yana share ido da hularsa.

Na san wannan hayaniyar. Ita ce ta Plaza ranar Salla, in bos ya fito a yi masa ihu da zagi, in Sarkin Ƙarfi Dharmendra ko Amita ya diro a tashi tsaye da fito, in waƙa ta zo a bi ta baiti-baiti da Indiyancin da babu wanda ya san ma'anarsa. In fim ya tsinke kuwa mai majigi ya shiga uku. Kano ta yi gidajen kallo: Rex tun 1937, Palace a Jakara a farkon shekarun 1950, El Dorado da Queens a Sabon Gari, Orion a Ƙofar Wambai, Marhaba, da Wapa da yanzu sunan kawai ya rage wa 'yan canji. Palace ta zama asibiti, wasu sun zama kantuna da rumbunan ajiya. An saba cewa bidiyo ne ya kashe su, kuma da gaskiya a ciki. Amma bidiyo ya zo Shikago ma, ya zo kafin ya zo mana. Bambancin da na gani da idona shi ne wanda ke zaune a kujerun. A namu babu kaka, babu jika, babu matar aure. Wuri ne na samari zalla, da hayaƙin wiwi, da 'yan daba a bakin ƙofa, kuma iyayenmu da suka hana mu zuwa ba su yi kuskure ba. Gidan da mutum ba zai iya kai iyalinsa ba, ranar da ya girma ya yi aure ya bar shi ke nan, babu wanda zai tsaya masa in an zo rushewa.

Shi kansa fim ɗin It's a Wonderful Life bai yi kasuwa ba da ya fito. Abin da ya raya shi, a 1974 ba a sabunta takardar haƙƙin mallakarsa ba, sai tashoshin talabijin suka samu na banza suka dinga saka shi duk Disamba har ya shiga jinin mutane. Wato duk wanda ke cikin zauren nan ya gan shi a gida, kuma zai iya sake ganinsa a wayarsa a daren. Duk da haka ya biya kuɗi, ya tsaya a layi cikin ƙanƙara.

Na koma ni kaɗai wata rana don in ga ɗaya fim ɗin, White Christmas na 1954, mai kala, da Bing Crosby da Danny Kaye. Wasu tsofaffin sojoji biyu ne da suka zama mawaƙa, suka tarar da tsohon janar ɗinsu ya buɗe masauki a jihar Vermont yana neman karyewa saboda dusar ƙanƙara ta ƙi sauka, baƙi sun ƙi zuwa, sai suka haɗa masa wasa suka tara tsofaffin dakarunsa. Bai taɓa ni kamar na farko ba. Labarin siriri ne, rawa da waƙa ne suka cika shi, ana cikin magana sai a ɓarke da kiɗa. Na tuna yadda ake yi wa 'yan fim ɗinmu gorin cewa rawa da waƙa kwaikwayon Indiya ne kawai, ga shi Amurkawa sun yi zamaninsu na haka, har suna taruwa duk shekara su rera tare. Wanda ya rubuta waƙoƙin, Irving Berlin, Bayahude ne da aka haifa a daular Rasha iyayensa suka yi hijira da shi, shi ne kuma ya yi musu waƙar Kirsimetin da ta fi kowace shahara.

Da aka tashi ban tafi ba. Gidan yana da wani ƙaramin ɗakin kallo da aka ƙara a 1991, kujerunsa ba su kai 100 ba. Na sayi tikiti na shiga wani fim na Turai mai fassara a rubuce a ƙasan allo, labari mai tafiyar hawainiya, babu faɗa babu waƙa. Ba mu fi mu ashirin ba. A nan na yi lissafin da ya zaunar mini da abin. Kuɗin mutum ashirin ba zai biya wuta da ɗumama ɗaki da albashin mai majigi ba. Amma babban zauren da ke bayan bangon yana cika yana batsewa, sau da yawa a rana, kwanaki a jere kafin Kirsimeti, ga gugguru ga abin sha. Ba Disamba kaɗai ba: a ƙarshen Nuwamba suna da wani taron waƙa tare da fim, a Oktoba suna da kallon finafinan ban tsoro na awa 24 ba tsayawa, suna kuma da bikin finafinan naɗi masu faɗin milimita 70, domin har yanzu suna riƙe da tsofaffin majigansu da masu iya sarrafa su. A ganina waɗannan ranakun cikar ne ke ɗauke da ranakun mutum ashirin. Tun 2007 ma gidan ya kafa kamfanin rarraba finafinan ƙasashen waje a Amurka. Babu babban kamfani a bayansu, kalanda ce suka gina wadda mutanen gari suka mayar tasu.

Sauran zaman na yi shi ne tsakanin gida da masallaci da kasuwa. Na yi Juma'a a masallacin 'yan Najeriya da ke arewacin birnin, mafi yawansu Yarbawa, na ga kasuwar Kirsimeti ta Jamusawa a dandalin Daley na wuce saboda cunkoso, na ɗauki jaririya har ta saba da ni. Ranar Kirsimeti kanta garin ya mutu murus, shaguna a rufe, sai titin Devon kaɗai ke da rai. Ƙanena ma aiki ya tafi, domin Musulmi da ke asibitoci su ke karɓar aikin ranar, abokan aikinsu kuma su rama musu da Salla.

Dawowa ta hanyar da na bi ne, Santambul, Abuja, Idu, Rigasa, na shigo Kano cikin hazo. Bayan na kai wa Hajiya hotuna da saƙo, na nemi wani abokina da ke da gidan kallon ƙwallo a Fagge, shi ma tsohon ɗan Plaza ne. Na ba shi labari tun daga layi har ƙararrawa. Na ce masa sabbin finafinan Salla ana nuna su a sinimar kantin Ado Bayero, amma ina ake nuna tsofaffi? Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an gyara shi a Jamus har an nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, mu da aka yi shi da harshenmu yawancinmu ba mu taɓa ganinsa a babban allo ba. Ga finafinan kaset na shekarun 1990 da iyaye mata suka haddace waƙoƙinsu. Me zai hana a ware kwana uku bayan hawan Nasarawa, da rana, a zaure mai tsabta, a nuna su duk shekara?

Ya ɗauki biro ya fara jero mini abin da za a buƙata. Izinin hukumar tace finafinai. Yardar masu haƙƙin fim, waɗanda wasunsu sun rasu sai a nemi magada. Kwafi mai kyau, domin yawancin kaset ɗin zafi da ƙura sun cinye su. Man janareta. Wurin zaman mata da yara daban da na maza, da 'yan Hisba ko 'yan sa-kai a ƙofa don iyaye su yarda su bar 'ya'yansu su zo. Ya ce rumfarsa ta kwano ba za ta yi ba, sai dai a nemi zauren taro na wata makaranta ko na biki. Ya san wani tsohon mai sayar da kaset a Ƙofar Wambai da bai zubar da kayansa ba, mun yi da shi za mu je mu ga abin da ya rage a shagon bayan sallar Juma'a.